Guɗar da Na Rangaɗa a Miri

Ko zan manta da komai, ba na jin zan taɓa manta Asabar ɗin da na je Miri da kular masa a hannu ɗaya, ledar kayan saƙa a ɗaya hannun. Shekara uku ke nan, amma har yau idan abin ya faɗo mini ina tsakiyar girki, sai na ajiye ludayi na nemi wuri na zauna.

Ni malamar firamare ce, a Fadaman Mada nake zaune, kuma saƙa ce abin da nake kashe yammacina da shi. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai. Da na idar da la'asar sai in fito da tabarma baranda, in jawo zaren ulu da kwarashi, ina saƙa ina leƙa tukunya. Da damina nake fara hulunan yara da safa, kafin sanyi ya shigo na tara su a jaka, ina rabawa 'yan uwa da maƙwabta. Anti Rahila ce ta koya mini, wata abokiyar aikinmu 'yar Bogoro da ta girme ni da kusan shekara goma. (In faɗi gaskiya, tun da hannuna ya faɗa na fara ganin na fi ta iyawa, kuma ina so kowa a makarantar ya gane haka ba tare da na faɗa da bakina ba.)

A makarantar akwai Malama Hajara, mace mai sanyin hali, Bafulatana, gidan mijinta a Miri. Shekararta takwas da aure, ciki biyu sun zube. Da na uku ya tsaya, duk ɗakin malamai muka koma masu gadinta, ko rijista ba ma barin ta ɗauka. Ana cikin dogon hutu, wata Asabar da safe, aka sanar da mu ta sauka lafiya, an sami namiji.

Na kira ta a ranar. Muryarta a gajiye, amma tana dariya.

"Malama, yaushe za ki zo ki ga ɗanki?"

Na ce, "Ki bar ni sai ranar suna. Akwai abin da nake haɗa masa, ba zan zo hannu rabbana ba."

Ta ce, "Ke dai ki zo ko ba komai."

Ban je ba. Anti Rahila ta je ranar Litinin, sauran malamai suka je Talata, ni kuwa ina baranda ina fama da shawul. Na riga na gama hula da 'yar rigar sanyi da safa, duk da farin zare da shuɗi. Shawul ɗin ne ya tsaya mini, saboda wani ado mai kama da ganye da na gani a waya na ce sai na fitar da shi a baki. Sau uku ina warwarewa ina sakewa.

Ranar Alhamis da yamma wayata ta yi ta ƙara, Anti Rahila ce. Na dube ta na kifa ta. A raina na ce so take ta ji me na saƙa, ko ta ce in turo mata hoto, ni kuwa na ƙudurta ba wanda zai ga kayan nan sai a tsakiyar taro. Juma'a ma ta kira, ban ɗauka ba. Zauren malamai na waya kuwa tun farkon hutu na kashe masa ƙara, don ba abin da ake turowa sai gaisuwar Juma'a da ta Lahadi. A ranar na jiƙa shinkafa, na kai markaɗe, na kwaɓa ƙullu.

Asabar da sassafe na soya masa, na yi miyar taushe da kabewa da alayyafo da gyaɗa, har da tantaƙwashi. Na ci ado da leshi ruwan goro, na kafa ɗauri, na fesa turare. Na tari keke har Miri. An yi ruwa da asuba, masara ta yi kore shar a gefen hanya, ni kuwa ina ta shirya yadda zan buɗe shawul ɗin a gaban mata.

Alamu dai duk na gan su, wannan ba zan yi ƙarya ba. A ƙofar gida maza na zaune a kan tabarmi, ba mai hira da ƙarfi. Ban ga fatar rago a shanye ba, ban ji ƙamshin suya ba, ba hayaƙin manyan tukwane. Sai na ce wa kaina ai na yi sammako ne. Na gaishe su da fara'a, na ce, "Ina taya ku murna." Wani dattijo ya ɗago ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ni kuwa na riga na shige zaure.

Tsakar gida cike da mata, kowa da hijabi ko mayafi mara ado. Ina sa ƙafa na ajiye kula, na toshe hanci, na rangaɗa guɗa. Doguwa. (Ni ba gwanar guɗa ba ce, amma ranar, don ƙaddara, ta fita tas har da karkarwa a ƙarshe.)

Na ce, "Ina mai jegon? A fito mini da angon nan in gan shi."

Na hango Anti Rahila a bakin wani ɗaki ta miƙe tsaye tana girgiza mini kai, tana ɗaga hannu. Na ɗauka cewa take in rage zumuɗi. Na wuce ta na faɗa ɗakin.

Hajara na zaune a kan katifa, ta jingina da bango, fuskarta a kumbure. Kusa da ita mahaifiyarta ce, wadda suke kira Dada, da carbi a hannu. Na durƙusa, na zazzage ledar a kan katifar, na ɗaga shawul ɗin sama da hannu biyu yadda na ƙofa ma za su gani.

"Kin ga abin da ya hana ni zuwa. Ina yake? Ko barci yake yi?"

Dada ta ajiye carbinta. A hankali ta ce, "Baiwar Allah, ba ki ji ba ne? Yaron ya koma. Shekaranjiya aka kai shi."

Ban san iya lokacin da na ɗauka hannuwana a sama ba, riƙe da shawul. Na san dai na ji turaren da na fesa ya cika ɗakin, ya dame ni, kamar in cire kayan jikina in jefar. Bakina ya kasa ko innalillahi. Abin da ya fara fita daga bakina, kuma wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, shi ne, "Ai ba a gaya mini ba." Mace ta rasa ɗan da ta jira shekara takwas, ni kuma ina wanke kaina.

Na fara tattara kayan da sauri ina cusawa a leda. Sai Hajara ta miƙo hannu ta ɗauki safa ɗaya da ta faɗo kusa da ƙafarta. Ta zura yatsu biyu a ciki, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Da ta yi masa yawa. Ƙafarsa ba ta kai haka ba."

Daga nan ta kifa fuska a cinyar Dada. Kukan ba mai ƙara ba ne, kafaɗunta kawai ke motsi. Wata a bakin ƙofa ta ce tun da aka fita da yaron ba ta yi kuka ba sai yanzu. Ban sani ba ko ta faɗa ne don ta rage mini nauyi, ko don ta ƙara.

Anti Rahila ta kamo hannuna ta fito da ni, ta zaunar da ni a bayan randa, ta yafa mini wani tsohon mayafi a kan leshin. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Na kira ki har na gaji, Malama. Zazzaɓi ne ya kama shi Laraba, kafin la'asar ɗin Alhamis an gama."

Guduwa nake so in yi, amma ba dama, sai da na zauna har azahar ina amsa gaisuwa kamar kowa, masu shigowa suna satar kallon ɗaurina. Masar kuwa ba a bar ta ta lalace ba, aka rarraba wa baƙi. Wata tsohuwa ta suɗe hannu ta ce wa ya yi miyar nan, ta yi daɗi. Allah Ya yafe mini, sai da na ji wani ɗan daɗi ya ratsa ni kafin na tuna inda nake.

Hajara ta dawo aiki bayan wata biyu. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Muna gaisawa, muna cin abinci tare wani lokaci, amma akwai wani shiru da ke shiga tsakaninmu wanda da babu shi. Yaron nan kwana biyar ya yi a duniya, kowa a makarantar ya ɗauke shi, ban da ni.

Tun daga ranar, duk gidan da zan shiga, ko katin gayyata ne a hannuna, sai in tsaya a zaure in karanci fuskoki, in bar wani ya fara magana. Har abin ya yi yawa. Watan jiya na je bikin 'yar ƙanwata, ana kiɗa ana liƙi, na shiga sum-sum kaina a ƙasa ina gaishe da mutane ƙasa-ƙasa. Uwar amarya ta ja ni gefe, ta riƙe hannuna, ta ce, "Yaya, gaya mini gaskiya, wa ya rasu?"