Mijina Mangwaro Ne a Takarda

Yau da safe saura kaɗan a kama ni saboda na zuba wa mijina ruwa. Ina tsaye da butata a lambun bayan coci, ina ba shi labarin layin mai da ya kai har ƙofar asibiti, sai ga mai gadi da usur a baki. Ya ce, "Inna, an hana taɓa kayan hukuma." Na ce, "Ɗan nan, shekara arba'in da ɗaya ina taɓa shi kafin hukuma ta san da zamansa." Ya kalle ni, ya kalli ɗan dashen mangwaron da bai kai gwiwata ba. Na san irin kallon da kuke yi wa jaridar nan ke nan yanzu, don haka bari in koma baya.

Aristides, Allah ya jiƙansa, direban bas ne a São Paulo shekara talatin da ɗaya. Hayaƙi ya sha, zagi ya sha. Wata rana ya dawo gida da guntun jarida, wai jerin garuruwan da suka fi daɗin zama a ƙasar nan. Wasu masu ilimi ne suka ƙirga bishiyoyi da asibitoci da tsawon rai, suka ba kowane gari maki kamar 'yan makaranta. Na ɗaya ya fi ƙarfin aljihunmu. Na biyu sanyinsa ya fi ƙarfin gwiwarsa. Sai ya ɗora yatsa a kan na uku, Vale Sereno, ya manna takardar a jikin firji. Kullum yana shan kofi yana karanta ta kamar addu'a. Ya ce da ya ajiye sitiyari can za mu, kuma zai shuka wani abu. Mutumin da ko albasa bai taɓa shukawa ba.

Ya ajiye sitiyari a watan Maris. Ya rasu a watan Mayu.

Kun san yadda ake yi a maƙabartar talakawa a babban birni. Bayan shekara uku sai a kira ki, a tono naki a miƙo miki ƙasusuwansa a ɗan akwati, don akwai masu jiran wurin. Na karɓi nawa, na sayar da gida, na ɓamɓare takardar daga firji, na hau bas. Shi na ba kujerar taga. Abu ɗaya nake so: in sama masa ƙasa a garin da ya zaɓa, inda zan riƙa zuwa da ƙafa, kuma a bar mini gefensa.

Gaskiya gari na uku ya yi kyau, a wuraren da ake nunawa. A bakin gari an gina lamba uku da siminti, ta fi hasumiyar coci tsawo. A dandali akwai ruwan ƙawa mai tsalle sama, ana kunna shi duk ranar da baƙi za su zo, ranar kuwa unguwarmu sai dai a yi wanka da haƙuri. Akwai titin keke mai jan fenti, ya tashi daga ƙofar gidan Mai Girma shugaban gari ya ƙare a ƙofar gidan surukarsa. Allah ya saka masa, ba kowa ke kula da zumunci haka ba.

Maƙwabciyata Dona Jandira, mai sayar da burodin cuku, ita na tambaya hanyar maƙabarta. Ta yi dariya har ta dafa katanga. Ta ce ai a Vale Sereno ba a mutuwa, an daina tun shekara shida da suka wuce. Da numfashin mutum ya fara sama-sama, sai motar asibiti ta zo da jiniya ta ƙetare gada da shi zuwa garin Barro Fundo. Wannan motar kaɗai ce ba ta taɓa bin layin mai ba. A can ake cikawa, a can ake binnewa, a can ake rubutawa. Shi ya sa mu muke na uku, su suke na ɗari huɗu da sha biyu. Tsohuwar maƙabartarmu kuwa an sa mata suna Lambun Hutawa, an datse ƙofa.

Ta ce, "Ƙawata, mijina ma yana can. Bas biyu nake hawa in gaishe shi. A nan aka haife shi, amma a takarda baƙo ne da ya je ya ɓata wa wasu maki."

Washegari na sa Aristides a jakar cefane na nufi ofishin gari. Mai gadin ƙofa ya tambayi abin da ke ciki, na ce mijina ne. Bai ko ɗaga kai ba, ya yago mana lambar layi biyu. Na ji daɗi, an daɗe ba a girmama shi haka ba.

Ma'aikacin da na samu ya juya fam gaba da baya. Ya ce akwai wurin sabon mazauni, akwai wurin mamaci, amma babu wurin sabon mazauni mamaci. In ya shigar da shi, na'ura za ta ɗauka an yi mutuwa a gari, ga shi kuwa masu ba da maki za su iso ranar Alhamis. Na ce ai ba a nan ya mutu ba, da mutuwarsa ya zo, kamar yadda na zo da tukwanena. Ya ce na'ura ba ta san haka ba. Ya tura ni sama wurin Dakta, wato Mai Girma. Kun dai sani, a ƙasar nan duk mai kwat Dakta ne, ko da bai taɓa riƙe allura ba.

Mai Girma Dakta Sarkin Maki ya karɓe ni da hannu biyu. Ya ba ni kofi a ɗan kofin da ba ya jiƙa harshe, ya yi mini ta'aziyya mai tsawo, har ni na fara ba shi haƙuri. Sannan ya yaba mini Barro Fundo. Ya ce ƙasarsu laushi gare ta, ga inuwa, ga shiru. Ban taɓa jin an yabi garin maƙwabta haka ba. Na ɗauki mijina muka dawo gida.

Daren nan ban ci abinci ba, amma da safe Jandira ta leƙo ta katanga da shawara, har da hoda a fuskarta.

Ranar Alhamis aka kunna ruwan ƙawa, aka jera kujeru, aka kawo 'yan badujala. Ni da Jandira muka zo da wuri muka kama layin gaba. Kujera uku. Na ciro Aristides daga jaka, na goge shi, na zaunar da shi a tsakiya, na ɗora masa hularsa ta direba. Sunansa da ranar rasuwarsa suna rubuce a gaban akwatin da manyan baƙaƙe. Jandira ta ajiye masa burodin cuku a faranti.

Dakta ya hango mu daga kan dandamali. Ban san mai tumbi na iya saukowa daga matakala da sauri haka ba. Ya durƙusa a gabana yana murmushi saboda masu hoto, ya ce ta tsakanin haƙora, "Dona Zulmira, mene ne wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mazaunin gari ne. Baƙin nan na ji ance suna tambayar mutane ko suna jin daɗin zama. Shi ba ya magana, amma ni da Jandira za mu fassara. Ita ma tana da labarin gada."

Motocin baƙi sun shigo kwana. Ya share gumi, ya kalli sama, sai na ga fuskarsa ta yi haske. Ku faɗi abin da za ku faɗa a kan manyanmu, amma in aka matse su akwai basira. Ya ce ashe ma bishiya ɗaya ta rage gari ya cika dubu biyar, kuma an riga an haƙa ramin dashen biki a lambun bayan coci. In aka ƙara wa ramin zurfi kaɗan, wa zai auna?

Haka aka yi. Aka binne Aristides da badujala, da jawabi, da tafi, baƙi suna rubuta maki. Dakta da kansa ya zuba ƙasar farko da shebur mai kintinkiri. Fada, limamin coci, ya yi addu'a, wai ta bishiya ce, amma ya kalle ni ya ambaci sunan a hankali. Jandira tana toshe baki da mayafi, ban sani ba dariya take ko kuka. Ni dai da aka gama na kasa tashi. Na ciro guntuwar jaridar nan da ta yi ja don tsufa, na tura ta ƙarƙashin saiwar, na ce masa mun iso.

Kafin Dakta ya tsere na riƙe masa kwat, na ce saura gefensa. Ya sa hannu a tsaye. Takardar ce na nuna wa mai gadin yau: bishiya mai lamba dubu biyar, mangwaro, mai kula da ita Zulmira. Ya karanta, ya cire usur daga baki, ya karɓi butar ya ƙarasa zuba ruwan da kansa. Sannan ya tambaye ni a hankali ko akwai sauran fam, don mahaifinsa yana Barro Fundo. Jandira ma ta riga ta cike nata, gwaiba ta zaɓa. In aka ci gaba haka, baɗi na ɗaya za mu zo.

To, ku da kuke rubuto mini kuna tambaya ko a duba jerin nan kafin a kwashe kaya a koma wani gari, ku duba. Amma in kun isa, kafin ku ƙirga furanni, ku tambayi mai burodi inda ake kai mutum in ya gama jin daɗin zaman.

Gurbina na nan a gefensa, lamba dubu biyar da ɗaya. Ban zaɓi iri ba, Dakta ne ya rubuta da hannunsa. Wai lemun tsami.