Yadda Za Ki Kiwata Ɓera Har Ya Taɓa Hantar Gidanku

"Dada, in rariya ta tare kashin ɓeran, fitsarinsa fa? Shi ma tana tarewa?"

'Yata ta fari ce ta yi tambayar, shekararta biyar, tana tsugune gaban kakarta a tsakar gidanmu na Basirka. Dada, mahaifiyar maigidana, tana tankaɗen garin gero. Ta ce, "Tashi ki ba ni wuri, sarkin surutu." Ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da wanke-wanke kamar ban ji ba.

Daga ranar zuwa yau na ƙware. Don haka 'yar'uwa, in kina son ciwon hanta ya shigo gidanku ba tare da kin sha wahalar fita nemansa ba, ga hanya. Mun gwada. Ki bi ta daki-daki, na ba ki tabbacin kafin damina ta wuce kin haddace hanyar asibiti.

1. Ki karrama baƙo

Ɓera ba ya zama inda aka wulaƙanta shi. Ki jera buhunan hatsi a ƙasa, manne da bango, ba katako ba dutse a ƙarƙashi. Sauran tuwo ki bar shi a buɗe, kada bawan Allah ya wahala. In akwai kyanwa a gidan, ki jira ranar da za ta ɗauki kifi, ki sa a kai ta bayan gari. Mu haka muka yi. Kifi ɗaya ta ci, muka musanya ta da ɓerayen da ba sa ƙirguwa. Wannan shi ake kira tattali.

2. Ki ba rariya amana

In kika buɗe ƙwaryar gari kika ga baƙi-baƙi a sama, kada ki firgita. Ki tankaɗe. Abin da ido bai gani ba ai babu shi. Wanda ya ce a zubar, ki tambaye shi ko ya taɓa sunkuyawa ya yi noman gero.

3. Kada ki bari wuta ta shiga tsakani

Dahuwa mai kyau tana ɓata shiri, don haka tuwo ba zai taimake ki sosai ba. Gumba za ki nema: ɗanyen gari, a dama a sha. Ruwan kuma daga randar da murfinta ya fashe tun bara.

A gidanmu Bappa Dogara, ƙanen surukina, shi ne gwanin gumba. Kullum da hantsi sai ya sha kwano guda kafin ya koma gona, kuma yarinyar nan tawa tana gefensa tana jiran ludayin ƙarshe. Ki lura da wannan wurin. Yaro ya ci a kwanon babba, albarka ce.

4. In ido ya yi rawaya, ki tara masana

Bappa ya fara da kasala da tashin zuciya. Sai fitsarinsa ya koma kalar shayi, farin idonsa ya yi rawaya. A nan kada ki yi gaggawa. Ki ce shawara ce, kowa ya san shawara, sai ki buɗe ƙofa.

Maƙwabciyarmu Hapsatu ta kawo jiƙo a galan. Wani ya aiko da sassaƙe daga Zandam. Aka hana shi mai, aka hana shi nama, aka yi ta ɗura masa ɗaci safe da yamma. Hanta tana kuka da aiki, sai a ƙara mata aiki, ta san ba a gidan rago take ba. Mun yi mako biyu a haka. Sai da ya kasa tsayuwar sallah sannan maigidana Abdulnasir, wanda ke jan mota tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ya sauke fasinja ya ɗauke shi. Ni aka ce in bi su da abinci.

5. Ki yi gardama da likita

Aka ɗebi jini. Likitar ta ce hantar ta kumbura, amma nau'o'in ciwon hanta da aka saba gwadawa ba su nuna ba. Sai ta hau tambaya: wane ruwa muke sha, ina muke ajiye gari, akwai ɓeraye?

Bappa daga kwance ya ce, "Ɓera? 'Yar nan, shekara sittin muna tare da su, ko gardama ba mu taɓa yi ba."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ba zan rantse cewa shi ne ba. Ruwa marar tsabta ma yana kawo irin wannan. Amma akwai ƙwayar cutar hanta da ɓeraye ke ɗauke da ita, an same ta a jikin mutane a wasu ƙasashe, kuma gwajinta ba ko'ina ake samu ba. Ana zargin ta abinci ko ruwan da ƙazantarsu ta taɓa take bi. Jiƙon nan kuma a dakatar da shi yau." Ta juyo gare ni. "Akwai yara a gidan?"

Amsar da ta dace a nan ita ce, "Boko ne kawai." Ni kuwa sai na tuna da mai shan ludayin ƙarshe.

6. Ki riƙe kara, komai tsanani

Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, kuma a nan na faɗi.

Kin san yadda muke. Ɗan fari ba naki ba ne a gaban surukai. Ba kya kiran sunansa, ba kya tsawatar masa, ba kya nuna kin san yana gidan. Shekara biyar ina riƙe da wannan, har ana ba da misali da ni.

Washegarin dawowata na fito daga ɗaki na tarar Dada ta dama gumba da garin nan dai, ta miƙa wa yarinyar, ludayin har ya doshi baki.

"Juwairiyya! Ajiye!"

Hapsatu da ta shigo aron turmi ta dafe ƙirji ta ce, "Oh ni! Yau ga zamani."

Dada ta ce, "Zuliha, ni kike nuna wa 'ya? Uban nata da me na raine shi?"

Na durƙusa na ce, "Dada ku yi haƙuri, ku yafe mini. Amma ba za ta sha ba." Na karɓe kwanon, na haɗa da ƙwaryar garin gaba ɗaya na juye a rami na rufe da ƙasa.

Kwana tara ina gaishe ta tana kallon bango. A na goma Abdulnasir ya shigo da ƙaton bokiti mai murfi da sabon marufin randa, ya ce ita ta aike shi. Tana juye sabon gari a ciki ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ba don maganar kowa ba. Ɓeraye ne ke rage mini awo."

Na ce, "Haka ne, Dada."

A ƙarshe

An sallamo Bappa, amma bana wasu ne suka yi masa noma, kuma har yau babu wanda zai ce ga takamaiman abin da ya kama shi. Wadda ta bi matakan nan ta yi nasara, kada ta neme ni. Ban san ta ba, ban aike ta ba, kuma ba zan yi mata zaman jinya ba.

Amma ki ji da kyau, a nan ba wasa nake ba. Kika ga kashin ɓera a abin da za a ci, musamman wanda wuta ba za ta taɓa ba, ki zubar. Ki rufe gari, ki rufe ruwa. Ido ya yi rawaya, ranar a tafi asibiti, ba bayan galan ya ƙare ba. In kuma kunya ce ke riƙe bakinki alhali ludayi na hannun ɗanki, ki buɗe shi ki kira sunansa da ƙarfi. Fushin suruka na gani ya wuce. Hantar yaro in ta lalace, ban san inda za ki durƙusa a ba ki wata ba.