Ledar Dakta Mainasara

Dakta Mainasara mutum ne mai tattalin kaya. Duk abin da ya saya sabo, ba ya cire masa leda. Kujerun motarsa, wadda ya saya tun babbar 'yarsa tana firamare, har yau suna cikin ledarsu. Wanda ya rage wa hanya a lokacin zafi yakan sauka da riga manne a gadon baya, yana godiya. A fuskar agogon hannunsa ma akwai wata 'yar shuɗiyar leda, sai ya karkata hannu sosai kafin ya ga lokaci. Wannan ya sa bai cika isa wuri da wuri ba, amma agogon bai taɓa samun ƙwarzane ba.

Mutanen unguwarsu a Daura sun san darajarsa. A bayan idonsa suna ce masa Sabo Dal, a gabansa kuwa Farfesan Gobe. Wannan na biyun yana yi masa daɗi, har yakan ɗaga hannu ya amsa daga cikin mota. An daɗe ana kiransa da shi. Goben ce dai ba ta yi sauri ba.

Iliminsa kuwa ba abin wasa ba ne. A kwalejin da yake koyarwa babu wanda ya kai shi sanin yadda ake amfani da fasahar zamani wajen koyarwa da koyon sana'a. Ya yi rubuce-rubuce a kai. Ya je taro Kano, ya je Zariya, ya je Abuja, kuma katunan suna da ake rataya masa a wuya a wuraren nan duk suna nan jere a bayan ƙofar ofishinsa. Abu ɗaya ya rage masa ya zama farfesa: bincike na gani da ido, wanda aka yi a kan mutane masu rai, ba a kan takardun wasu ba. Da yake shi mai shiri ne, tuni ya sa an rubuta masa allon tebur mai ruwan zinare, "Farfesa Mainasara". Yana cikin aljihun tebur, a ledarsa.

Ana nan sai Allah ya kawo wata ƙungiya daga Kano mai tallafa wa masu koyon sana'a. Ta ba wata cibiyar koyar da mata ɗinki a Baure kwali biyu na ƙananan kwamfutocin hannu, masu faɗin allon karatu. A cikinsu akwai bidiyo da Hausa, na yadda ake awo da yanka da ɗora hannun riga. Aka nemi masanin da zai bi sawun aikin na shekara guda, ya rubuta ko na'urorin sun yi amfani. In shekara ta cika, wakilin ƙungiya zai zo ya gani. In ya sa hannu, a buga binciken, cibiya ta riƙe kayan. In bai sa ba, a kai su inda za a more su. Wane masani za a nema, Dakta yana Daura?

Ranar da kayan suka iso, shi ya buɗe kwalin da hannunsa. Ya ɗauko guda. Leda ta nannaɗe ta gaba da baya, har ramin caji, tana ƙyalli. Sai ya ɗaga kai ya dubi hannuwan ɗalibai da suka kewaye shi. Wata ta gama zuba wa keke mai. Wata lallenta bai gama bushewa ba. Wata kuma da alama ta karya da ƙosai. Dakta ya mayar da na'urar cikin kwali a hankali, kamar mai kwantar da jinjiri.

Mako bai zagayo ba sai ga kabad mai gilashi an kawo daga Daura. Ya jera su a ciki layi-layi, ya ja da baya ya duba, ya dawo ya gyara ɗaya da ta karkace, ya kulle, ya jefa mabuɗi a aljihu. Ya kuma sa aka ɗaura fanka mai aiki da hasken rana a ɗakin, don kada zafi ya taɓa su.

Malama Talatu, wadda ke koyar da ɗinkin, ta tsaya a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, jere ya yi kyau. Yaushe za a kawo amaryar?"

Dakta ya ji daɗin yabon. Ya gyara hula ya ce, "Malama, fasaha mataki-mataki ake shigar ta. Na farko, sabon ido. Na biyu, sabon zuciya. Hannu shi ne na ƙarshe. Ban da haka ma, abu irin wannan ba a taɓa shi sai an ƙaddamar."

An kuwa gayyaci wani babban mutum ya zo ya ƙaddamar. Da farko azumi ya hana shi. Daga nan ya tafi aikin Hajji. Da ya dawo damina ta sauka, aka ce a bari hanya ta yi kyau. Da hanya ta yi kyau, kaka ta yi, kowa na gona. Dakta bai matsa masa ba. Wasu na cewa ko sau ɗaya bai sake tuna masa ba, amma mutane ba sa rasa abin faɗa.

Bincike dai bai tsaya ba. Ya raba ɗaliban gida biyu, kamar yadda littattafai suka ce. Rukuni na farko, masu na'ura, su ne a ɗakin kabad, ƙarƙashin fanka. Rukuni na biyu, marasa na'ura, aka fitar musu da kekunansu rumfar kwano a tsakar cibiya. Duk ranar da ya zo, yakan zana hoton kwamfutar da alli a allon bango, ya yi wani ɗan ɗigo a gefe, ya nuna da sanda.

"Wannan mene ne?"

"Madannin kunnawa!"

"Ban ji ba."

"Madannin kunnawa!"

Kafin damina ta ƙare, babu macen da ba ta san madannin kunnawa ba a rukunin nan. Ko daga barci aka tashe ta za ta nuna shi a jikin allo.

Wata rana ya shigo ya tarar da kawuna sun haɗu a kan keken wata ɗaliba, Hasana. Ashe wayar mijinta ta aro, suna kallon wata mata tana nuna yadda ake ɗora wuyan riga. Ran Dakta ya ɓaci, amma da yake malami ne, sai ya yi bayani.

"'Yata, wannan waya ce, ba fasaha ba. Fasaha ga ta can a kabad. In kika ci gaba da koyo a wannan, za ki gurɓata mini bincike, in rasa gane daga ina ilimin ya shige ki."

Hasana ta ce, "Tuba nake, Baba." Daga ranar aka hana shigowa da waya. Wuyan rigar sai a gida ta ƙarasa shi.

Da lokacin jin ra'ayi ya yi, aka ajiye masa kujera a inuwa. Matan suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi mutanen Daura. Sannan ya ce, "To, kin amfana da na'urorin nan?"

Ban san wace matar Baure ce za ta dubi sa'an mahaifinta, wanda ya taso tun daga Daura a mota, ta ce masa kayansa ba su tsinana mata komai ba. Kowacce cewa ta yi, "Mun amfana ƙwarai, Baba. Allah ya saka da alheri." Wata ta ƙara da cewa tun da aka kawo su ɗakin ya yi sanyi. Dakta ya rubuta cewa yanayin koyo ya inganta. Da ya gwada tambayar 'yan rumfa, su ma suka ce sun amfana ƙwarai. Wannan ya ba shi mamaki, ya daɗe yana tunani, sannan ya gane cewa amfanin fasaha yana iya ratsa bango.

Da aka auna ɗinki kuma, sai ga na 'yan ɗaki ya fi miƙewa. Su 'yan rumfa, da rana ta take, gumi kan shiga musu ido. Dakta ya duba sakamakon, ya ga abin da masana suka daɗe ba su gani ba: zama kusa da na'ura kawai yana gyara ɗinki. Ya raɗa wa abin suna Ƙa'idar Kusanci ta Mainasara.

Ya karanta wa maiɗakinsa, Hajiya Nana, babin ƙarshe na bincikensa tana tsince shinkafa. Ta saurara har ya dire, sannan ta ce, "Dakta, wai ka taɓa kunna ko guda kuwa?"

Ya yi murmushin haƙuri. "Hajiya, mai bincike ba ya sa hannu cikin abin da yake bincika. Sai ya ɓata sakamako."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da tsintarta.

Shekara ta cika. Da Dakta ya ji sunan wakilin da za a turo, sai ya yi hamdala: Dakta Hadiyya ce, tsohuwar ɗalibarsa, wadda shi ya koya mata yadda ake tsara bincike. Ya ce wa Malama Talatu, "Ai 'yata ce. Sa hannu ya gama samuwa."

Ta iso da hantsi, ta rusuna ta gaishe shi kamar yadda ta saba tun tana aji. Ya kai ta gaban kabad. Ta tsaya tana kallo.

"Kin gani ko? Shekara guda, ko ƙwarzane babu. Je ki duba na sauran cibiyoyi ki gani."

Ta ce, "Lallai, Malam. Ban ga irinsu a ko'ina ba."

Aka zauna a rumfa, ya miƙe ya yi jawabi. Ya fara daga allon katako da tawada, ya biyo ta kan rediyo, ya ratsa ƙasashen da suka ci gaba, ya sauka a Baure. Ya ce, "Abin da aka gano a wannan ƙaramin gari, za a karanta shi a manyan jami'o'i. Ba don ni ba. Ni dai Allah ya yi a hannuna zai fito." Aka tafa. Ya sa ɗalibai suka nuna madannin kunnawa a allo, ba wadda ta kuskure. Aka sake tafawa.

Dakta Hadiyya ba ta ce komai a gaban jama'a ba. Ta bari aka watse don sallar azahar, sannan ta bi shi ɗakin kabad, ta sassauta murya.

"Malam, akwai abin da ban sani ba ko an yi maka bayaninsa. Kowace ɗaya daga cikinsu, ranar da aka fara kunna ta, takan aiko mana da sallama can ofis. Na cibiyar garin Babban Mutum tun makon farko suka yi sallama, yanzu har gilashin wasu ya tsage, suna neman ƙari. Naka kuwa, Malam, har yau muna saurare."

Dakta ya dubi fanka. Ya dubi agogonsa, ya karkata shi. Ya ce, "Ina jin matsalar sabis ce. Kin san nan kusa da iyaka ne, na Nijar yakan shigo ya danne namu."

"Mai yiwuwa ne, Malam." Ita ma ta dubi fankar. "Ga shawara. Ka buɗe guda, ka sa ta a caji, ka kunna. In ta yi sallama kafin in dawo daga salla, zan rubuta cewa aiki ya fara, a ƙara maka shekara. In ba haka ba, ba ni da ikon sa hannu, kuma direba zai wuce da su garin Babban Mutum."

Ya buɗe kabad, ita kuma ta fita ta bar shi.

Dakta ya zauna, ya ɗora guda a cinya. Abu ne mai sauƙi, shi da ya yi shekaru yana koyar da shi. Ya sa farce ya kama bakin ledar. Ya ja. Ledar ta yi wata 'yar ƙara, ta ɗago har tsakiya. Gilashin da ke ƙasa ya bayyana, baƙi wuluk, mai sheƙi, wanda ba a taɓa taɓawa ba tun daga inda aka ƙera shi. Ya ga fuskarsa a ciki da hularsa. Sai babban yatsansa ya zame ya sauka a kai. Da ya ɗaga, ga sawun yatsa nan ɓaro-ɓaro.

Lokacin da Dakta Hadiyya ta dawo, ta tarar da malaminta yana shafa ledar da gefen babbar riga, yana ƙoƙarin mayar da ita yadda take. Ta ƙi kwanciya. Duk inda ya danna, iska ta kumburo a wani wurin.

Ta kira direba, aka mayar da kayan cikin kwalayensu, waɗanda su ma Dakta ya adana tsaf. Waccan guda ɗaya ta bar masa, ta ce ya ƙarasa a tsanake, duk ranar da ta yi sallama za a sake magana.

Matan cibiya sun rako motar har bakin titi. Roƙo ɗaya suka yi, ta bakin Malama Talatu, cewa a bar musu fankar. Aka bar musu. Washegari 'yan rumfa suka shigo da kekunansu ɗaki, Hasana kuma ta sake aro wayar mijinta.

Na'urar tana nan a ofishin Dakta, a kan tebur, daidai saman aljihun da allon zinare yake kwance. Rabin ledar a ɗage, rabi a manne. In baƙo ya tambaya, Farfesan Gobe yakan gyara mata zama ya ce bincike yana ci gaba.