Ranar da Na Ba Ƙwallo Hanya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ba ƙwallo hanya a gaban mutanen Birnin Gwari, ko da yake gara in faɗi gaskiya tun farko: shekaru sun tura, wasu abubuwan sun dusashe mini. Ban tabbata ko bayan girbin gero ne ko bayan na dawa ba, kuma ba zan rantse a kan wanda ya tsaya nan ko can ba. Abin da bai dusashe ba shi ne ƙarar turke a bayana. Ita kam har gobe tana cikin kunnena.

Zamanin Turawa ne. Na gama kwalejin horon malamai, aka turo ni elementare ta Birnin Gwari da akwati ɗaya, da fargaba mai yawa, da kuma abin da na fi ƙauna a duniya in an cire mahaifiyata, wato bat ɗina na kurket. (Ga wanda bai san wasan ba: ana kafa turaku uku, mutum ɗaya ya jefo ƙwallo mai tauri kamar goruba yana neman kayar da su, wani kuma ya tsaya a gabansu da faffaɗar sanda, ita ce bat, yana karewa. Turke ya faɗi, mai sanda ya fita. Dokoki suna da yawa, amma wannan ya ishe mu yau.)

Itacen da ake sassaƙa bat da shi ba ya tsirowa a ƙasarmu. Fari ne, ba nauyi, in ƙwallo ya sauka a tsakiyarsa sai ka ji wata ƙara mai daɗi, kamar an ƙwanƙwasa sabon akushi. A kwaleji an ce mana akwai man da ake shafa masa na musamman. Ni da ban samu ba sai na koma man gyaɗa, ina shafawa ina ba shi haƙuri a zuci. Da igiya nake rataye shi a tsakiyar ɗaki, domin garar Birnin Gwari ba ta san kayan Ingila ba. Matan unguwa suka sa masa suna muciyar Malam. Ban ji daɗi ba, amma ban musa ba, don in an duba da kyau akwai kama.

An kuma gaya mana, ban dai gani da idona ba, cewa mai yiwuwa makiyayan tumaki ne suka fara wasan a ƙasar Turawa, da sandunansu da ƙofar garke. Wai bat na farko a lanƙwashe yake, saboda a ƙasa ake mirgino ƙwallo, sai da masu jifa suka fara sa shi yana tsalle sannan sanda ta miƙe. Na taɓa ba wani Ardo da ke kiwo a bakin daji wannan labari. Ya juya bat ɗin a hannu, ya ce, "To, Malam, ashe namu ne suka ara. Amma wannan ko maraƙi ba zai koro ba."

Da yamma nake koya wa yara a filin da ke bayan makaranta. Gwiwar hannun hagu sama, kai bisa ƙwallo, ƙafa ta bi shi, bat a miƙe kamar ƙyauren zaure. Amma wa'azina babba, wanda yara suka haddace har suna kwaikwayona a bayan ido, shi ne: "Gwani ba mai yawan duka ba ne. Gwani shi ne wanda ya san ƙwallon da zai bari ya wuce." In ka ga ƙwallo ba turke ya nufa ba, me ya kai ka taɓa shi har wani ya cafe, a ce ka fita? Sai ka ɗaga bat sama da hannu biyu, ka miƙe ƙirji, ka bar shi ya tafi abinsa. Wannan ya dace da halina ƙwarai, ni da ko kogi zan ƙetare sai na ga mutum uku sun riga ni.

Kuma abin ya yi ta yi mini kyau. In ban da sau ɗaya a makon farko, yaran nan ba su ƙara taɓa turakuna ba, damina biyu cur. Har Tanko, wani dogon yaro ɗan Kakangi wanda ya taso yana jifan birai a gonar ubansa, shi ma ƙwallonsa kullum ta gefe yake bi, dab da turke, kamar faɗin tafin hannu. Ni kuwa in ɗaga bat, in ce, "Kun gani? Ido ne." Ban taɓa cewa ni gwani ne ba. Na dai riƙa cewa mai yiwuwa, in Allah ya yarda, ba za a rasa ni cikin na gaba-gaba a lardin ba.

Ana nan sai rigimar fili ta taso. Sarkin Zango, Malam Ɗanjuma, wanda fataken shanu ke sauka a hannunsa, ya kai kuka gaban Wakilin gari cewa zango ya yi masa kaɗan, ga fili a bayan makaranta ana ɓarnarsa. "Ranka ya daɗe," in ji shi, "ƙato da gemu ya tsaya riƙe da muciya, yara na jifansa, shi bai rama ba, bai gudu ba. Wannan shi ne za a hana shanu wurin kwana saboda shi?" Hedimastanmu, Malam Iro, dattijo mai sanyin magana, ya ce wasan yana koya wa yara haƙuri. Sarkin Zango ya ce haƙuri a gona ake koyonsa.

Wakili bai yanke ba. Ya ce ya ji Baturen gandun daji, wanda ake kira Mai Lofe, zai zo rangadi, kuma an ce shi ma mayen wasan ne. Makaranta ta buga da mutanen Baturen, shi Wakili zai zo ya gani. In ya ga abin kirki, fili na makaranta ne. In bai gani ba, shanu su shigo.

Na ce wa Malam Iro ya kwantar da hankalinsa, ina jin, ban dai yi alkawari ba, zan iya tsayawa gaban turaku tun hantsi har azahar. Ya dube ni wani irin kallo, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "Allah ya taimaka, Malam ƙarami." Da ina da wayo da na tsaya a kan kallon nan.

Ranar wasa gari ya fito. Wakili a kan kujera a gindin ɗorawa, Sarkin Zango a kan buzu kusa da shi, masu fura da masu ƙosai sun kewaye fili. Mai Lofe ya zo da malaman gandun daji, da kukunsa, da wani akawu daga wajen masu haƙar zinariya. Tsoho ne mai jan wuya, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai. Mu aka ba mu fara karewa, ni kuma na fara shiga. Na sha farin wando da na kwana biyu ina kare shi daga ƙura, bat yana ƙyalli da man gyaɗa. Na yi tafiyar nan a hankali, na duba gabas na duba yamma, na ƙwanƙwasa ƙasa, duk yadda aka koya mana.

Mai Lofe da kansa ya karɓi ƙwallo. Bai ma cire lofen daga bakinsa ba. Ya tako ɗingis-ɗingis, ya jefo wani ƙwallo mai sanyi, irin wanda tsohuwa za ta iya tarewa da faifai. Na gan shi sarai tun daga hannunsa. Na ga ɗinkinsa ma. Kuma jikina, wanda ya yi damina biyu yana yin abu ɗaya, ya yi abin da ya saba: na ɗaga bat sama da hannu biyu, na miƙe ƙirji, na ba shi hanya.

Ƙwallo ya gode, ya wuce, ya daki turken tsakiya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye hannuwana a sama ba. Wasu sun ce har kaza ta ratsa fili. Abin da na sani shi ne muryar Sarkin Zango, a natse, ba tare da ɗaga ta ba: "Malam, sauke hannun haka nan, an shafa." Wata mai fura ta tambayi ta kusa da ita, "Shi ke nan, ko yanzu za a fara?" Mai Lofe ya cire lofe, ya ce da Hausarsa ta rangadi, "Sannu, Malam. Tsayuwa da kyau." Ina jin da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan.

Tafiyar komawa gindin ɗorawa ta fi ta Zariya nisa. Yara suka shiga bayana ɗaya-ɗaya, suka ɗan taɓuka, ba su tara maki mai yawa ba, amma kowannensu ya fi ni. Sarkin Zango har ya fara nuna wa yaronsa inda za a kafa turakun shanu.

Bayan azahar aka juya, mu ne da jifa. Ina zaune a bayan Malam Iro, na sunkuyar da kai kamar mai neman allura, sai Tanko ya zo ya durƙusa da ƙwallo a hannu. Bai lura da ni ba, ko kuwa ya ɗauka na riga na sani. Ya ce, "Baba Malam, su ma a kauce musu kamar na Malam, ko a buga?"

Malam Iro ya yi tari. Ya sake yin tari. Na ɗago kai na ce, "A kauce wa me?"

Dattijon nan ya gyara hularsa, ya ce, "Malam ƙarami, ka tuna makonka na farko, da yaron nan ya kayar maka da turke? Kwana biyu ba ka ci tuwon kirki ba. Malamai uku aka turo mini kafin kai, duk sun gudu, wannan ya ce daji, wancan ya ce ƙudan tsando. Kai ka iya koyarwa, ban so ka bi su. Kuma ina aka taɓa ganin yaro ya kayar da malaminsa a gaban ƙannensa? Sai na kafa doka. Wanda ya taɓa turken Malam, sharar makaranta tasa ce. Wanda kuma ya yi nesa da turke har Malam ya gane, shi ma shara."

Na ce, "Damina biyu, Malam?"

Ya ce, "Ai ba su yi shara da yawa ba. Yaran suna da hannu." Sannan ya juya ga Tanko. "Waɗannan ba su koya maka ko baƙi ɗaya ba. Buga."

To, a nan ne abin ya juya. Ka yi tunani: yaron da ya shekara biyu yana saita ƙwallo ya wuce turke da faɗin tafin hannu, ba ƙari ba ragi, ga tsoron tsintsiya a bayansa, me zai hana shi samun turken kansa in an sake shi? Matsar da hannu kawai zai yi. Kuku ya shiga ya fita. Akawu ya shiga da taƙama, ya fita yana duba bat ɗinsa kamar shi ne mai laifi. Malaman daji suka bi layi. Ba Tanko kaɗai ba, duk yaran haka suke, har wani ɗan ƙaramin yaro ɗan Damari da ban taɓa sa shi a lissafi ba.

Da Mai Lofe ya shiga, ya tare biyu, ya daki ɗaya har cikin ƙwaryar mai fura. Na gaba da Tanko ya jefo ya tumɓuke masa turke, turken ya yi ta wuntsila. Fili ya yi tsit. A zamanin nan ba a saba ganin ɗan talaka ya kayar da wani abu na Bature ba, ko da kara ne. Uban Tanko, wanda ya zo kasuwa ya tsaya kallo, ya fara ja da baya yana neman hanya. Mai Lofe ya dubi turke, ya dubi yaro, ya saƙala bat a hammata, ya ce, "Madalla, yaro," ya fita da ɗingishinsa. Sai a lokacin mutane suka saki numfashi, guɗa ta tashi daga wajen masu ƙosai.

Wakili ya karkata wajen Sarkin Zango, ya ce, "Ɗanjuma, filin da yaro ya ce wa Bature tashi, ya kuma tashi ba gardama, ba a ɗaure shanu a kansa. Nemi wani wajen rafi." Sarkin Zango ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda. Amma a ba ni Malam aro, in sa shi a ƙofar zango. Duk abin da ya zo zai bari ya wuce."

Mai Lofe ya tambaye ni yadda na koya wa yara irin wannan saiti. Na ce masa hanya ce mai tsawo, kuma ba lalle ta yi wa kowa ba. Ban yi ƙarya ba.

Washegari na roƙi Malam Iro ya soke dokar shara. Daga ranar turakuna suka fara faɗuwa kamar kangon damina, ni kuma a lokacin na fara koyon kurket da gaske, a hannun yaran da nake koyarwa. Na ƙara shekaru masu daɗi a garin, ban gudu ba. Bat ɗin yana nan a ɗakina, har yanzu a rataye, ko da yake ɓeraye sun ɗanɗana man gyaɗan ta gefe ɗaya. Sunan da aka sa mini kuwa, Malam Bismillah-wuce, ya bi ni har Kaduna.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu: in ka ga ka daɗe ba wanda ya kayar da kai, kafin ka yaba wa idonka, ka bincika ko akwai mai riƙe da tsintsiya a bayanka.

Na san akwai waɗanda suka ga wannan rana da ke raye. In na yi kuskure, su aiko a gyara, musamman maganar kazar nan, wadda ni ban gani ba. Wanda kuma yake da shaidar cewa ƙwallon ya ɗan karkata kafin ya iso, ko da kaɗan ne, don Allah ya hanzarta.