Ranar da Na Zaɓi Mota Kamar Ragon Layya

Ku aje abin hannunku, ku ara mini kunne.

Ba za ni taɓa mantawa ba da shekarar da ɗana Haruna ya sayo mota mai ɗaki daga Maraɗi. Jama'a, Allah Ya ba ɗan'adam basira! Gado a ciki, murhu a ciki, har da makewayi. Na zauna bisa katifar ina shafa bango ina tasbihi.

Haruna ya ce za a ɗaura mata ƙaramar mota a baya da ƙarfe, in an isa ƙauye a kwance ta a shiga lungu da ita. Ya kai ni wurin dillali a Sabon Birni, don girmamawa, ya ce, "Inna, ke za ki zaɓa."

Motoci biyu anka nuna muna. Guda siririya, kamar akuyar da ta sha rani. Guda baƙa wuluk, mai faɗin baya. Ni da na tashi cikin dabbobi, ai na san zaɓe. Na kewaye baƙar, na danna ƙugunta, na bubbuga cikinta (har ƙarƙashinta na leƙa, Allah Ya shirye ni). Na ce, "Wagga ta ƙoshi."

"Inna, nauyi gare ta, mai ja kuwa..."

"Yaushe nauyi ya zama aibi? Ramammiya za mu kai gaban mutane?"

Ya sunkuyar da kai. Haruna bai taɓa musu da ni ba.

Tafiyarmu ta farko, Tozai munka nufa, ɗaukar amaryar jikana. Tun da munka sauka nake bin Hajiya Kulu, kakar amarya, ina ce mata, "Kin ga baƙar can? Da hannuna na zaɓo ta." Na kuma sa anka cika ta da kayan ɗaki har rufi.

Amarya ta hau gado, mata na guɗa, gari duka na rakiya. Muna shiga yashin rafin bayan gari sai babbar ta yi nishi, ta yi gurnani, ƙafafunta sunka nutse. Baƙar tawa ta kafe a baya kamar jakin da ya ƙi ruwa. Guɗa ta mutu.

Hajiya Kulu ta riƙe haɓa. "Wai wa ya ɗaura wannan giwa ga bayan baiwar Allah?"

Haruna ya duƙa, zufa na zuba, ya ce, "Kuskurena ne, Hajiya."

"Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan. Amma tun safe uwarka ke gaya muna da hannunta ta zaɓo."

Na ja mayafi na rufe har hanci. Shanun huɗa anka kawo sunka fid da mu, amarya kuwa bisa amalanke ta ƙetare rafi, da lallenta da komai.

Haruna ya musanya baƙar da siririyar, yana yawon kasuwanninsa lafiya, bai taɓa tayar mini da zancen ba. Amarya yanzu tana garin Isa da ɗiyanta. Hajiya Kulu har gobe "Dillaliya" take kirana, ko a gidan gaisuwa. Ni kuwa, duk abin da ba ya cin ciyawa, in an ce in zaɓa, sai in ce a tambayi wanda zai ja.