Akushina a Kan Tabarmar Godiya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta ma mutanen Gidan Rumji ba za su bar ni ba, da ranar da na yi ja-in-ja da tsohuwa a cikin majami'a saboda akushi. Ni da furfurata, dattijon ikilisiya, wanda ya shekara talatin yana koyarwa a lakol, wato makarantar boko.

Bari in fara da ciwona. Ni mutum ne mai tara tsofaffin kaya. Wasu na tara awaki, wasu filaye, ni kuwa abin da kakanni suka gaji da shi suka yar nake bi. Ina da fitilun aci-balbal, da kuɗin wuri cikin tulu, da takobin da ya ƙi fita daga kube, da dutsen niƙan da sai da amalanke aka kawo shi daga Gidan Sori. Ɗakin da matata Rahila ta so ta sa keken ɗinkinta, shi na cika. Ta yi magana har ta gaji. Yanzu in na shigo da wani abu cikin buhu, sai dai ta dube ni ta ci gaba da tankaɗe. (Duk mai aure ya san kallon nan ya fi faɗa ciwo.)

Cikin kayan duka, akushin nan ne raina. Baƙi ƙirin, mai nauyi, ya sha hannu har yana ƙyalli. A kasuwar Gazawa na same shi, wurin wani tsoho da ya tabbatar mini mayaƙan Gobir sun ci tuwo a ciki. Ban tambaye shi yadda aka yi ya sani ba, don ba na son jin amsar. Duk sati sai na shafe shi da man gyaɗa, ko jikokina ba na bari su taɓa.

To, shekarar nan fastonmu ya tafi jinyar mahaifiyarsa ana saura kwana uku bikin godiyar kaka, aka ce ni zan yi wa'azi. A wurinmu, ranar godiya ana shimfiɗa babbar tabarma a gaban majami'a, kowa ya kawo abin da gona ta ba shi, mai damin gero, mai wake, mai kaza. Ƙa'idar ɗaya ce: duk abin da ya taɓa tabarmar nan ya fita daga hannunka, ya zama na Ubangiji, bayan sujada mata su raba wa gwauraye da marasa ƙarfi. Ni kaina na sha tunatar da mutane wannan.

Na zaɓi koyarwar Almasihu a kan tara dukiya a sama maimakon nan ƙasa, inda komai ke lalacewa. Na ce wa kaina zan tafi da akushin don misali. Gaskiyar magana kuwa, shekara shida ina neman dalilin da zai sa jama'a su gan shi. Rahila ta iske ni ina naɗe shi da tsohon zane.

“Malam, wa'azi za ka yi ko talla?”

Na ci gaba da naɗina.

Wa'azi ya yi daɗi, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na ɗaga akushi sama, na ba da tarihinsa (tarihin ya fi bayanin ayar tsawo, Allah Ya gafarta mini). Daga nan na ɗau zafi. Na ce wannan ma itace ne kawai, gara na jiransa, wanda ya ɗora zuciyarsa a kan irinsa ya yi asara. Akushin da nauyi, hannuna ya sage, ga shi ina son hannu biyu in nuna sama. Teburi ya cika da littattafai. Sai na sunkuya na ajiye shi ƙasa ba tare da na duba ba.

A kan tabarma na ajiye shi, tsakanin ƙwaryar wake da wani zakara ɗaurarre.

Shugabar zumuntar mata ce ta fara rangaɗa guɗa. Kafin in gane abin da na yi, majami'a ta ɗauki tafi, masu ganga suka kama. Kowa ya san yadda nake ji da kayan nan, ga shi yau Malam ya saki mafi soyuwa a ciki. Wani tela mai suna Bulus ya taso idonsa jawur, ya kwance agogon hannunsa, wanda ubansa ya bar masa, ya ɗora kusa da akushina. Ni kuwa ina tsaye ina murmushin yaƙe. Ban taɓa ganin Rahila ta yi tafi da ƙarfi irin na ranar ba.

Da aka tashi, mutane suka fita gaisawa, na ce na manta tabarau na koma ciki. Na lallaɓa na ɗauki akushin, ina ƙoƙarin cusa shi ƙarƙashin babbar riga, sai na ji an riƙe ɗaya gefen. Iya Talatu ce, wata gwauruwa da ba ta kai kafaɗata ba.

“Nawa ne hwa, Malam. Mata sun ba ni.”

Na rage murya na yi mata alkawarin sabon kwano. Ta ƙi. Na ƙara da buhun gero. Ta dube ni da idonta ɗaya mai gani.

“Ba kai ka ce gara na jiranshi ba? Bari ta ci shi gidana.”

Na ja, ta ja. Zuciyata tana cewa saki, yatsuna sun ƙi ji. Zakaran nan ya tsorata ya hau kuka, na waiga, sai ga ƙofa cike da mutane. A gabansu Bulus ne, da farin shatin agogo a tsintsiyar hannunsa. Da wani ya yi dariya da na ji sauƙi, amma sai suka zuba mini ido kawai. Rahila ce ta ratso su, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun jariri.

“Taho mu tahi gida, Malam.”

Fasto ya dawo bai taɓa tayar mini da zancen ba, Bulus kuma bai nemi agogonsa ba, har yau yana gaishe ni da ladabi. Waɗannan biyun sun fi guɗar da tafin gajiyar da ni. Akushin yana tsakar gidan Iya Talatu, agwaginta na cin dusa a ciki, ni kuma na canza hanyar zuwa kasuwa. Rahila ta samu rabin ɗakin. Rabi dai, kada ku zaci na zama waliyyi.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Bakina ya riga yatsuna tuba da nisa, saboda haka yanzu in aka ba ni wa'azi, sai na fara duba abin da ke hannuna, sannan in duba inda aka shimfiɗa tabarma.