Rasuwar Gizagon Bahago

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar da ta gaji tun kafin baƙin cikin ya zo, tsohon masassaƙin nan da kowa ke kira Bahago yana sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da masu jiran turmi rasuwar gizagonsa, abokin aikinsa tun kafin furfura ta san hanyar kansa. Ya rasu da hantsi a rumfar sassaƙa da ke bayan gida, yana tsakiyar aiki, bakinsa a cikin icce.

An haifi marigayin a maƙerar bakin kasuwa, daga ƙarfen sifirin na wata tsohuwar mota. Ba haihuwar gaggawa aka yi masa ba. Maƙerin, wanda a lokacin yake ji da ƙarfinsa, ya ƙi sa ƙarfe a wuta sai da ya sa Bahago ya sari kututture a gabansa, shi kuwa ya tsaya yana kallon yadda hannun hagu ke sauka. Sannan ya lanƙwasa bakin, ya ɗan karkata shi gefe, ya yi ta mayarwa wuta yana fitarwa, ya tsoma a ruwa daidai lokacin da idonsa ya ce masa launin ya yi. Shi ya sa babu wanda ya taɓa aron marigayin sau biyu. A hannun dama zamewa yake yi, ya nufi ƙafar mutum.

Kowa ya shaida marigayin mai haƙuri ne, ba ya cin icce fiye da abin da aka ba shi. Ya rarake turame, ya fitar da kujeru da akusa, ƙotocin fartanya kuwa ba a maganarsu. Bai taɓa neman fetur ba, bai san an ɗauke wuta ba. Abincinsa dutsen washi ne da ɗan ruwa. Muryarsa ɗaya ce, tas, tas, tas, kuma daga cikin ɗaki matar Bahago takan gane da ita ko maigida ya tashi da fushi ko da fara'a. Aibinsa guda, tunda ba a yi wa mamaci ƙarya: ya cinye kafaɗar mai shi kaɗan-kaɗan, har ta kai sai an gasa ta da ruwan zafi kafin ta yarda ta ɗaga.

Ciwon ajalinsa daga tausayi ya samo asali. Babban ɗan Bahago, direba ne, ya zo gida hutu ya tarar da mahaifinsa a tsugune kan dutsen washi, yana guga yana hutawa. Abin ya taɓa masa zuciya. Bai yi shawara da kowa ba ya ɗauki gizagon ya kai wa mai injin washi, aka danna shi, tartsatsi ya yi ta tashi, ya dawo yana walƙiya kamar sabon cokali.

"Baba, ga shi nan," in ji shi, yana murmushi. "Ka huta da gugan dutse."

Bahago ya juya bakin a rana, ya ga wani siririn layi shuɗi-shuɗi a gefensa. Ya san abin da ya gani. Zafin inji ya kwashe taurin da maƙeri ya sa wa ƙarfen tun ranar haihuwa. Ya ce wa ɗansa Allah ya yi masa albarka, ya shiga ɗaki ya kwanta.

Daga nan marigayin bai ƙara lafiya ba. Tas ta koma ɗib. A wasa shi da safe, kafin azahar bakin ya lanƙwashe. Aka yi ta jinya a kan dutse yana ramewa, har ranar da ya gamu da wani ƙulli mai taurin tsiya a cikin turmin da ake rarakewa. Ya ce ƙas, sau ɗaya, ya rabu biyu.

An nemi magani. Mai walda ya ce zai liƙa, Bahago ya yi masa godiya. An kawo masa gizagon kasuwa, duk na masu hannun dama, ya sara sau biyu ya ajiye. Gaskiyar magana, ba ƙarfe kaɗai ake makoki ba. Idan babu gizagon da ya san hannunsa, Bahago ya gama sassaƙa, saura zaman ƙofar gida da korar kaji, kuma wannan yake tsoro fiye da ciwon kafaɗa.

Marigayin ya bar matarsa, ƙota, wadda yatsun mai shi suka yi wa gurbi. Ya bar yayansa gatari, da dutsen washi da tsakiyarsa ta lotsa, da maraya guda, turmin nan da aka rarake rabinsa. Ya kuma bar wani direba da ya kasa haɗa ido da mahaifinsa.

An naɗe gawar a tsumma aka kai wa tsohon maƙerin, wanda maƙerarsa ta daɗe da yin sanyi, idanunsa kuma sun yi hazo. Ya shafa gutsattsarin da yatsa.

"Bahago, wa ya kai shi inji?"

"Tsautsayi ne, Maƙeri."

"To. Abin da ya rage ba zai ƙara yin gizagon turmi ba. Ɗan ƙarami zai fita, na muciya da cokali. Kuma ni yanzu ba na ganin launin wuta, sai ka zama idona."

Bahago ya shafa kafaɗarsa, ya yi ajiyar zuciya. "Ni ma abin da ya rage a jikina ke nan," in ji shi. "Na muciya da cokali."

Don haka ba za a binne marigayin ba, ƙarfe da ƙasa ba sa shiri. Gobe da safe za a kai shi maƙerar da aka haife shi. Direban ne zai ja zuga-zugi, shi da kansa ya roƙa, mahaifinsa kuma ya yarda. Masu zuwa ta'aziyya su taho da gawayi. Kada a zo da gizagon kasuwa, kada kuma a zo da shawarar a huta, an samu ta har ta yi yawa. Mai turmin da ba a gama ba ta yi haƙuri ta nemi wani masassaƙin, Bahago ya sallami turmi. An kife marayan turmin a rumfa don baƙi su samu wurin zama.

Ƙota tana nan a rataye tana jira. Bahago ya ce a rage mata tsawo ta wajen kai, amma kada kowa ya taɓa gurbin yatsun.